Ƙyauren Kabuga da Rijiyoyin Ƙonni

Kwana uku na yi a Kano ina bin Kawu tsakanin gidansa da kasuwar 'Yankaba, muna lissafin buhunan albasar Galmi da na rako, kafin na sami sararin gaya masa ina son ganin Gidan Makama. Ya ajiye alƙalami ya dube ni. "Kai ɗan nan, shekara 20 ke nan ina garin nan ban taɓa leƙawa ba. Me aka ajiye maka a can?" Na ce masa a rediyo na sha jin sunan gidan. Kuma wanda ya taso tun daga Malbaza, ya ratsa Madawa da Gidan Rumji da Maraɗi, ya tsallaka iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, ya keta Katsina, bai kamata ya koma gida da labarin farashin albasa kaɗai ba. Washegari da hantsi ya haɗa ni da ƙaramin ɗansa, muka hau adaidaita sahu muka nufi cikin birni.

Gidan yana dab da fadar Sarkin Kano. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, da zankwaye a bisa. Rana ta riga ta fara cizo a waje, amma ina sa ƙafa a zaure na ji sanyi ya sauko mini kamar na shiga inuwar tsamiya. Na ɗaga kai na ga azara a jere, ga bakan gizo ya taso daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi, babu rodi ko ɗaya. Ni ɗan garin siminti ne. Tun shekarun 1960 masana'antar Malbaza take niƙa dutse, da ita aka san mu a Nijar, kuma da yawa daga cikinmu da kuɗinta aka yi mana suna. Mun taso muna ganin wanda ya rushe ɗakin ƙasa ya ɗora bulo da kwano shi ne ya ci gaba. A wannan zaure na tuna yadda muke fitar da tabarma tsakar gida a watan Afrilu saboda ɗakin kwano ba ya kwantuwa, na ce a raina maginan da suka murza tubalin nan sun san ƙasarmu da zafinta fiye da yadda muke zato.

Malamin da ke zagayawa da baƙi ya tambaye ni daga ina. Da na ce Nijar, wajen Ƙonni, sai ya yi mini barka da zuwa, ya ce to ai gida na zo. Daga nan ya ɗauko labarin ginin. Tun ƙarni na 15 aka kafa shi, kuma abin da Kanawa suka riƙe shi ne Muhammadu Rumfa ya zauna a nan kafin ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, wadda sarakunan Kano ke ciki har yau. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya shigo da kakaki da figini cikin kayan sarauta. A zamaninsa ne Shehu Magili ya iso Kano ta hanyar Abzin, ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a. Bayan Turawan Ingila sun ci garin sun yi amfani da gidan, wani sashe kuma ya zama makaranta. Yanzu yana hannun hukumar adana kayan tarihi ta Najeriya.

Ɗakunan suna bin juna, kowane da zamaninsa. An faro daga Dutsen Dala da Barbushe da Tsumburbura, aka zo kan Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga 999, da Gijimasu da ya soma ganuwa. Akwai kayan yaƙi, sulke da kwalkwali da garkuwa da takubba. Akwai kayan kiɗa da na sana'a. A ɗakin amarya na ɗan jima, domin jeren da na gani bai bambanta da wanda na san kakata da shi ba, sai da na ji kamar in yi sallama.

Amma abin da ya tsayar da ni ƙyaure ne. Tsohon ƙyauren ƙofar gari, baƙi, mai nauyi, aikin maƙeran Kano. Malamin ya ce na Ƙofar Kabuga ne, inda sojojin Kanar Morland suka kutsa cikin birnin ran 3 ga Fabrairu 1903. Sarkin Kano Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato. A hanyar dawowa aka gwabza a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Alu kuwa daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Duk wannan labarin rashin nasara ne, irin wanda wasu za su so a binne. Kanawa ba su binne ba. Sun ɗauko ƙyauren da bai iya tare abokan gaba ba, suka ba shi wuri a Gidan Makama, suka sa mutum ya tsaya kusa da shi yana faɗin abin da ya faru.

Muna nan tsaye sai ga 'yan makarantar firamare sun shigo da malamarsu, a layi, kowa da littafi da fensir. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba ta ɗaga hannu ta tambaya ko mutanen da ke bayan ƙyauren sun ji tsoro. Malamin ya sunkuya ya amsa mata a natse, kamar yana magana da babba. Ni kuwa tuni hankalina ya bar Kano.

Shekara huɗu kafin a fasa Ƙofar Kabuga aka fasa tamu. A watan Mayu 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Cadi. Kafin nan ta bi ta Lugu, a ƙasar Arewa, inda Sarauniya Mangu ta tare ta a watan Afrilu. Abin da aka yi a Ƙonni ya fi ƙarfin a kira shi yaƙi. An karkashe mutanen gari, an ƙone gidaje, an kwashi mata bayi, gawawwaki har cikin rijiyoyi. Labarin ta'asar rundunar ya riga ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ta daga hannunsu. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa, har gobe ana nuna su. Sarauniya ta sami wanda ya tsaya mata: Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Mutanen Ƙonni fa, su wa ke nuna kabarinsu?

Ni a bakin kakata na fara jin labarin, da dare, bayan an ci tuwo, kuma ba ta son a ja shi da tsawo. A lakwal an ba mu shi a layi biyu ko uku da Faransanci, muka haddace don jarrabawa. Ƙonni ba ta kai tafiyar awa ɗaya a mota daga gidanmu ba, na je ta sau ba adadi, cin kasuwa da biki da ta'aziyya. Ba a taɓa kama hannuna ina yaro an kai ni wani wuri an ce mini nan ne, dubi wannan, taɓa wannan ba. Yarinyar nan ta Kano ta sami abin da ban samu ba, kuma na yi mata murna ƙwarai.

A gaban wata taswira da ke bangon Gidan Makama na gaya wa malamin wani abu da ya sa ya gyara tsayuwa. Lokacin da Voulet ya shiga Ƙonni, garin bai ma faɗa cikin rabon Faransa ba. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta bar wa Ingila, Ƙonni kuma tana cikin da'irar. Sai a gyaran iyaka na 1904 da 1906 aka mai da ita ɓangaren Faransa, don Faransawa su sami hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram. Da alƙalamin bai sake motsi ba, da yau da naira nake cefane. Shi ya sa muke da Illela biyu, ɗaya a Adar, ɗaya a bakin iyaka ta wajen Sakkwato, kuma wadda ke wata ƙasar ta fi kusa da Ƙonni.

Haka aka yi a ɗakin da ke bayanin jihadi da sarakunan Fulani, daga Sulaimanu zuwa Ibrahim Dabo da ya hau a 1819 har zuwa na baya-bayan nan. Sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ke bisa komai. Na ce, "Malam, ka san inda aka haife shi?" Ya ce Maratta, a 1754. Na ce masa Maratta tana kusa da Galmi, inda albasar da na kawo ta fito. Ya yi shiru, sannan ya ce in Allah ya yarda sai ya je ya gani da idonsa. Na yi masa alkawarin masauki. Amma tun a wurin na fara tambayar kaina, in ya zo, bayan na kai shi Maratta, ɗakin da zan shigar da shi kamar yadda ya shigar da ni nasa fa?

Kaya ba su muka rasa ba. Gidan sarautar Adar da ke Illela, wanda asalinsa ke komawa ga Agabba ɗan Sarkin Agadas, yana da tarihin ƙarnuka. A gidajen Ƙonni da Tsarnawa da Dogarawa akwai takubba da kwari da tsofaffin takardun ajami a ƙasan akwati, gara na ci, wasu kuma dillalan kayan da suna bi ƙauye-ƙauye suna saye da 'yan jikkuna. Akwai tsofaffin da suka ji labarin 1899 daga bakin waɗanda iyayensu suka tsira, kuma kowace damina ana rage su. Ita kanta masana'antar siminti ta tsufa har ta zama tarihi: hotunan ma'aikatan farko, buhun farko, labarin yadda ƙauye ya zama gari.

Da yamma na koma gida na zayyana wa Kawu abin da na gani. Bai ce komai ba sai da na zo kan Ƙonni. Nan ya ce kakansa yana da wani mashi da ake cewa da shi ya fita a ranar, kuma rabonsa da ganinsa tun rasuwar babban yayansu. Ya ɗauki waya a take ya kira gida yana tambaya.

Kirana ga Sarkin Ƙonni da Sarkin Adar, da magadan garin Ƙonni da Malbaza da Illela, da 'yan kasuwarmu da Allah ya buɗa wa, shi ne a ware zaure ɗaya, ko na ƙasa ne. A sa malaman lakwal da na zaure su bi tsofaffi da waya su naɗi muryoyinsu tun suna da rai. Kai kuma mai karatu, in akwai takobin kaka ko takardar ajami a gidanku, kada ka sayar, kada ka bari gara ta ci. Rubuta sunan mai shi da abin da aka gaya maka a kansa, ka ajiye su tare har a buɗe zauren.