Baki, Gefe da Iyaka: Kalmomin da Yaro Ke Zuwa da Su Daga Gida

Yaron da ya shigo ajin farko na lakkwal a Dogon Dutsi yana ɗan shekara shida ko bakwai ya riga ya san bakin rijiya, da gefen tabarma, da gaɓar tafki, da iyakar gonar mahaifinsa. Ba ya rikita su. Ba za ka ji ya ce "iyakar rijiya" ba, domin kunnensa ba zai yarda ba. Amma bayan shekara shida a hannunmu, idan ka ba shi kalmar Faransanci bord, ko ta Ingilishi edge bayan ya shiga kwaleji, sai ya ce maka "baki", ya yi shiru. A ganina matsalar tana cikin yadda muke koyar da kalmomi: kalma ɗaya a hagu, fassara ɗaya a dama, a haddace.

Harsuna ba su raba duniya iri ɗaya ba. Bature mai jin Ingilishi yana cewa edge ga bakin teburi, ya kuma ce edge ga kaifin wuƙa. Gaɓar kogi a wurinsa bank ce, kalmasar bakin riga hem, filin da ake bari a gefen takarda margin. Bafaranshe kuwa yana da bord, da bordure, da marge, da ourlet na tela, da lisière na bakin daji. Hausa ta ɗauki baki ɗaya ta ba rijiya, ta ba kasuwa, ta ba hanya, ta ba zane, sannan ta ware gefe da gaɓa da ƙarshe kowanne da aikinsa. Wanda ya ce wannan kalma daidai take da waccan ya ba yaro rabin gaskiya.

Abin da nake yi a ajina ba ya buƙatar kuɗi. Nakan riƙe kaye a hannu in tambayi yara da Hausa: ina bakinsa, ina gefensa, ina ƙarshensa? Gardama takan tashi, ni kuma in ƙyale ta. Wani zai ce jan layin nan na hagu shi ne gefe, wata ta ce a'a, iyaka ce, tunda ba a yarda rubutu ya ƙetare shi ba. Sai sun kai nan nake rubuta marge a allo. Yarinyar da ta kira shi iyaka ta fahimci kalmar tun kafin ta ji ta, ba kuwa za ta manta ba.

Iyaka ta fi sauran nauyi a wajenmu. A gona ana shaida ta da gamba, ko layin yakuwa, ko shingen aguwa, kuma kowa ya san yadda taku biyu na noma zuwa cikin gonar maƙwabci ko cikin burtali ke kai 'yan uwa gaban mai gari. Don irin wannan ne dokar ƙasar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye. Kalmar nan ɗaya muke amfani da ita ga wadda ta raba Nijar da Najeriya, alhali Faransanci ya ware limite da frontière, Ingilishi ya ware boundary da border, wadda ta shigo bakin direbobi da 'yan kasuwa ta zama boda.

Yaranmu sun cancanci sanin inda wannan boda ta fito. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun bi Dallol Mawri, sannan suka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa, aka sake zama a 1904 da 1906, aka gusar da layin. Haka Dogon Dutsi ta zauna a ɓangaren Faransa, danginmu Arawa na Kangiwa, hedkwatar ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kabi ta yau, suka zauna a ɓangaren Ingila. Jikokin kaka ɗaya, wannan yana koyon frontière, wancan yana koyon border. Da aka rufe ta a 2019, aka sake rufewa a 2023, ko yaran CE1 sun ji a farashin kasuwa cewa wannan iyakar ba irin ta gona ba ce.

Haka abin yake wajen tsabta. Yawancin ɗalibanmu propre kaɗai suka riƙe, suna jefa ta ko'ina. Amma uwa a gida ba ta haɗa "share ɗakin nan" da "kimtsa kayan nan". Ɗaki yana iya zama fes, babu ko ƙura, kaya kuwa barkatai. Yana iya zama tsaf, kowane abu a mazauninsa, amma an kwana uku ba a sa tsintsiya ba. Wannan shi ne bambancin propre da rangé, shi ne na clean da tidy. Rubutun da aka yi a natse, layi bai hau layi ba, shi Bafaranshe ke kira soigné, Bature ya ce neat, mu kuma mu ce ya fita tsaf. Yaron da ke jin fes da tas da ƙal da tsaf a bakin kakarsa ya riga ya mallaki ma'aunin, saura a nuna masa sunayen baƙi.

Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a makarantar gwaji a Damagaram. A 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ke nan yaron da ke gabanmu yau zai rayu da harsuna uku, kuma wanda ya tsotsa a nono ne zai ɗauki nauyin sauran biyun. Idan ya yi rauni, su ma ba za su tsaya ba.

Malamai 'yan uwana, kafin mu rubuta baƙuwar kalma a allo, mu fara tambayar yara sunaye nawa suke da su ga abin a Hausa. Iyaye kuma, ko ba ku taɓa shiga aji ba, wannan darasin a hannunku yake. In an tafi gona, a nuna wa yaro inda iyaka ta bi, a faɗa masa wanda ya dasa gambar. In an aike shi wurin tela, a ce masa a kalmashe bakin rigar, kada a ce "a gyara" kawai. In ya gama shara, a ce saura kimtsi. Gobe idan ya zo aji, ni zan ɗora masa rangé a kai, malamin kwaleji ya ɗora tidy.