Nanoro, Garin da Ake Ƙirga Zazzaɓi

Daga Wagadugu zuwa Nanoro bai kai kilomita 100 ba. Hanya ta ratsa gonakin gero da dawa, ga kaɗanya da kuka jefi-jefi, ga mata bisa kekuna sun ɗauro itace. Ƙasar Mosi ce, amma wanda ya tashi a karkarar Katsina ko Maraɗi ba zai ji baƙunta ba: damina gajera, sauro kuwa sai ta sauka yake kafa mulki, yara su yi ta kwanciya har bayan kaka.

A wannan gari, kusa da asibitin Saint Camille, cibiyar binciken Farfesa Halidou Tinto take. Ya yi digirin digirgir a Antwerp ta Beljiyam, ya komo gida, ya zaɓi karkara maimakon babban birni. A 2023 mujallar Nature ta sa shi cikin mutum 10 da suka yi fice a fagen kimiyya a shekarar. Dalili kuwa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ce mai suna R21, wadda masanan Jami'ar Oxford suka ƙirƙira, kamfanin Serum Institute na Indiya yake sarrafawa, mutanen Nanoro kuma suka nuna wa duniya tana aiki.

A 2019 aka ɗebi yara 450, 'yan wata 5 zuwa 17, aka kasa su uku. Kashi biyu suka sami R21. Na uku aka yi musu allurar cizon mahaukacin kare, don a sami abin kwatantawa ba tare da wani yaro ya sha tsini a banza ba. Allura uku, tazarar mako huɗu-huɗu, aka lissafa su ƙare kafin zazzaɓi ya kai ganiyarsa. Bayan shekara guda, a rukunin da ya fi dacewa, kamuwa ta ragu da kashi 77 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana fatan a kai 75, kuma kafin nan babu allurar da ta taɓa kaiwa.

An zagaya da ni ɗakin gwaje-gwaje. Firjin ajiyar jini, madubin hangen ƙwayoyin cuta, samari da 'yan mata cikin fararen riguna sun duƙufa kan gilasan da aka shafa wa jini. Tsaf-tsaf, babu ƙarya. Sai dai kayan aiki kuɗi ke sayo su, kuma na sha ganin irinsu a wurare da dama sun yi ƙura a kulle.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rajista. Cibiyar tana bin diddigin dubun dubatar mutanen ƙauyukan da ke kewaye: wa aka haifa, wa ya rasu, wa ya tafi cin rani, wa ya dawo. Ma'aikata na hawa babur gida-gida, suna magana da harshen Mosi, sun san kowace uwa da ɗanta. Na bi ɗaya daga cikinsu wani yammaci. Bai taɓa takarda ba sai da ya gaida maigida, ya tambayi gona, ya sha ruwan da aka kawo masa. Uwar ta fito da katin yaron daga cikin leda, ko lanƙwasa babu. Ta bakin tafinta ta ce in jikin yaro ya yi zafi ba ta tsayawa jiƙe-jiƙe, asibiti take nufa, don ta san za a duba jininsa. Wannan 77 ɗin da ake ta yayatawa, daga irin wannan zaure aka tattaro ta, zazzaɓi ɗaya bayan ɗaya. Da uwaye sun riƙa ɓoye rashin lafiya, ko su ƙi dawowa, da lissafin ya rushe komai kyan allurar. Mu da muka ga yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 mun san tsadar wannan amana.

Sauran labarin ya tafi da sauri. Gwaji na gaba ya ƙunshi yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. Gana ta fara amincewa da allurar a Afrilun 2023, Najeriya ta bi baya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa albarka a Oktoba.

Najeriya, wadda ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, ta fara yi wa yara a Disamban 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa. Allura huɗu ce: a wata 5, 6, 7, sannan ta ƙarshe a wata 15. Ba ta kore gidan sauro ba, ba ta kore maganin da ake raba wa yara da damina ba. Kuma tsakanin ta uku da ta huɗu akwai wata takwas cur, lokacin da uwa ke iya mantawa, ko ta sake gari, in babu mai babur da ya san ƙofar gidanta.