Haruffa Huɗu da Uwar Ƴar Fari

A shekararta ta ƙarshe a jami'a, wata ɗaliba mai nazarin harshe da adabin Hausa, haifaffiyar Damagaram, ta ɗaura niyyar rubuta ƙagaggen labari. Ta daɗe tana warware jigon littattafan wasu, tana fito da salo da zubi da tsari, tana rarrabe babban tauraro da ƙananan taurari, har ta ga lokaci ya yi da ita ma za ta gwada nata. Labarin na wata uwa ne da ƴarta. Ta sauya gari, ta sauya sunaye, amma ta san a ranta mahaifiyarta take son rubutawa.

Ita ce ƴar fari a ɗakinsu. Tun da aka yaye ta aka kai ta wajen gwaggonta, yayar mahaifinta, a can ta girma, a unguwa ɗaya da gidansu. Ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. In ta je gaisuwa, a taƙaice ake amsa mata, ana kallon wani gefen, sannan a tura ƙanwarta ta kawo mata ruwa. Ta san ana kiran wannan al'ada kunyar ɗan fari, har ta taɓa bayaninta a takardar jarrabawa ta ci maki. Duk da haka ta girma da zaton cewa mahaifiyarta miskila ce, wadda magana ke yi wa wuya, kuma wadda ba ta damu da kowa sosai ba.

A babi na uku rubutun ya cije. Ta kawo uwar da ƴar cikin ɗaki ɗaya, ta rasa abin da uwar za ta ce. Tana cikin neman mafita a wayarta ta ci karo da shafukan da ke koya wa marubuta gina taurari da ma'aunin halayya na MBTI. Tushen ma'aunin littafi ne da Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Suwizalan, ya fitar a 1921 kan ire-iren mutane. Wasu Amurkawa biyu, Katharine Cook Briggs da ƴarta Isabel Briggs Myers, suka mayar da ra'ayinsa jerin tambayoyi a shekarun 1940. Ma'aunin yana aza mutum a kan sikeli huɗu. Na farko, shiga jama'a ke ƙara masa kuzari ko kaɗaici. Na biyu, abin da ya gani ya taɓa yake dogara da shi ko hasashe. Na uku, da hujja yake yanke hukunci ko da tausayi. Na huɗu, yana son komai a tsare ko yana barin al'amura a buɗe. Kowane sikeli yana ba da harafi ɗaya, haruffa huɗun kuma suna haɗuwa ta hanyoyi 16. Ɗalibar ta ƙara samun ƙwarin gwiwa da ta karanta cewa ita kanta Myers ta fara ne da rubutun ƙagaggen labari, har littafinta na binciken kisan kai ya ci gasa a ƙarshen shekarun 1920.

Ta zauna ta amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a madadin mahaifiyarta. Sakamako ya fito ISTJ: mai son kaɗaici, mai riƙo da zahiri, mai hukunci da hujja, mai tsari. Ta ji kamar an sauke mata kaya. Yanzu ta san abin da uwar za ta yi a kowane hali, wato za ta yi shiru, ta cika aikinta, ta ƙi nuna abin da ke ranta. Cikin hutu guda ta rubuta babi shida.

Babu laifi a neman irin wannan taimako, domin rarraba mutane gida-gida tsohuwar sana'a ce. A ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Theophrastus, almajirin Aristotle, ya zana halayen mutum talatin na birnin Atina, cikinsu har da marowaci da matsoraci da mai surutu da mai fadanci. Likitocin Girka sun danganta ɗabi'a da ruwaye huɗu na jiki: jini, da majina, da ɗaci rawaya, da ɗaci baƙi. Wannan ra'ayi ya yaɗu a duniyar Musulmi ta littattafai irin su Alƙanun na Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. Malaman hisabi na ƙasar Hausa su ma suna lissafa sunan mutum da na mahaifiyarsa su ce ɗabi'arsa ta wuta ce, ko ƙasa, ko iska, ko ruwa. Tatsuniya kuwa a kan haka ta ginu. Yaro ɗan shekara biyar ya san Gizo zai yi wayo, Kura za ta yi kwaɗayi ta sha wuya, Dila zai tsira da dabara. Daɗin tatsuniyar yana cikin ganin kowa ya aikata halinsa, kamar yadda karin magana ya ce, hali zanen dutse.

Da aka koma karatu ta ba wata ƙawarta rubutun. Bayan kwana uku ƙawar ta mayar mata da shi, ta yaba Hausar, sannan ta ce: "Amma uwar nan taki, tun shafi na goma na san abin da za ta yi a shafi na ɗari. Ban tsane ta ba, ban so ta ba, na dai gaji da ita."

Maganar ta yi mata zafi, musamman da yake ta san inda ta dosa. Dukansu biyu sun karanta rabon da marubucin Ingila E. M. Forster ya yi a 1927, inda ya raba taurari gida biyu: mai fuska ɗaya, wanda jimla guda ke iya bayyana shi, da cikakke, wanda zai iya ba mai karatu mamaki kuma mai karatun ya gamsu. Littattafan da suka fito daga gasar Zariya ta 1933 suna da misalin kowanne. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Malam Zurƙe ɗan Muhamman bai sauya ba daga farko har kusan ƙarshe, kuma haka ake son sa, domin labarin barkwanci ne da ramuwar gayya tsakaninsa da Alhaji Imam. A Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da Rupert East, Abubakar ya fara a matsayin saurayi mai son Zainab, amma da mai dukiya ya raba su sai ya zama mutumin da neman fansa ya cinye. Wanda zai ba Abubakar haruffa huɗu a babin farko, dole ya sake su kafin babin ƙarshe. Ɗalibar ta gane ta ɗauko tauraruwar da ya kamata a gina irin ginin Abubakar, ta gina ta irin ginin Zurƙe.

Sai ta koma wani ma'aunin, Enneagram, mai gida tara, wanda Oscar Ichazo ɗan Bolibiya da Claudio Naranjo ɗan Chile suka yaɗa a shekarun 1970. Marubuta da yawa sun fi son sa, saboda yana tambayar abu biyu da labari ke buƙata: me wannan mutum ya fi tsoro, kuma me ya fi so. Ta rubuta tambayoyin biyu a kan takarda, ta ɗora alƙalami, ta kasa cika ko ɗaya. Shekara ashirin da uku tana gaida matar nan, ba ta san abin da take tsoro ba.

A hutun da ya biyo ta je Damagaram. Wata rana da la'asar tana taya gwaggonta tsince shinkafa, sai ta kawo zancen a kaikaice.

"Gwaggo, Inna dama tun tana yarinya haka take miskila?"

Gwaggon ta ajiye faifai ta dube ta. "Wace Innar? Uwarki?" Ta yi dariya har da tari. "Ke ɗiyar nan, in ana biki a unguwar nan wa kike jin yana riƙe da kiɗan ƙwarya? Wa ke uwar adashin matan layinku shekara da shekaru? Ki tambayi taubasanta irin tsiyar da take musu, ba mai iya ja da bakinta."

"To ni ban taɓa ganin haka ba, Gwaggo."

"Yo ina za ki gani? Da kin yi sallama take haɗiye harshenta."

Daga nan gwaggon ta ba ta labarin shekarar da ta yi ƙyanda, tana ƴar shekara huɗu. Kullum bayan sallar isha'i mahaifiyar takan zo gidan da wani uzuri, yau aron turmi, gobe mayar da ƙwarya. Ba ta shiga ɗakin da yarinyar ke kwance, domin surukarta na ciki. Takan tsaya a bakin rumfa tana zancen tsadar gero, kunnenta na wajen numfashin ɗiyarta. Kunun da aka riƙa ba marar lafiyar, ita take damawa, ta aiko da shi a ce na mutanen gida ne. Ranar da zazzaɓin ya sauka, ta zo ta ji labari, ta ce "To, madalla," ta juya. Gwaggon ce ta bi ta da fitila, ta tarar da ita a zaure tana share fuska da bakin mayafi.

A daren nan ɗalibar ta sake buɗe tambayoyin MBTI, ta karanta su da wani idon. Kowace tambaya tana ɗauka cewa mutum guda ne a ko'ina: kana son taro ko ba ka so, kana faɗin abin da ke ranka ko ba ka faɗi. An tsara su ne don mutum ya bayyana kansa da kansa, kuma masana sun daɗe suna nuna cewa mutane da yawa sukan sami wasu haruffan daban in sun maimaita gwajin bayan ƴan makonni, domin galibin mutane a tsakiyar sikelin suke. Ita kuwa ta amsa ne a madadin wata, daga taga ɗaya tak da al'ada ta buɗe mata. Haruffan da suka fito sun auna abin da ƴar fari ke gani daga tabarmar gaisuwa.

A nan ne abin ya shafi duk mai rubutu da Hausa. A gidan Bahaushe, yawan magana da ƙarancinta sun rataya ne a kan wanda ke gabanka. Mace guda takan sunkuyar da kai gaban surukinta, ta yi wasa da jikanta har ta kira shi mijinta, ta tsokani taubashinta a bainar jama'a, ta shagwaɓa autanta, ta ƙi kama sunan ɗanta na fari. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin mutumin kirki a wajen Hausawa, a aikinsa da aka buga a 1974, ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukkansu ba sa bayyana sai da mutum na biyu a wurin, domin amana tana buƙatar mai ba da ajiya, kunya kuma tana buƙatar wanda ake jin nauyinsa. Marubucin da ya san halin tauraronsa amma bai san matsayinsa a gida ba, da waɗanda yake jin kunya, da waɗanda yake wasa da su, rabin aikin kawai ya yi.

Ɗalibar ba ta yar da ma'aunin ba. Ya ci gaba da yi mata amfani wajen ƙananan taurari, irin su dillaliyar da ke shiga gida-gida da mai shagon da ba ya ba da bashi, waɗanda fuska ɗaya ta ishe su. Ya kuma taimaka mata ta lura cewa ƴan matan labarin duka da muryarta suke magana, ta rarrabe su. Ga uwar kuwa, ta sauya harafin farko, ta mayar da ita mai son jama'a, mai baki, mai dariya. Sannan ta ja layuka a takarda, ta rubuta sunayen mutum biyar a sama: miji, suruka, ƙawaye, auta, ƴar fari. A ƙarƙashin kowane suna ta rubuta yadda uwar ke zama, da yadda take kiran mutumin, da abin da ba za ta taɓa faɗa a gabansa ba. Layin ƴar fari ya fi kowanne gajarta, kuma daga cikinsa labarin ya fito, domin mace mai magana da aka hana magana da mutum ɗaya dole ta nemi wata hanyar, ko ta kunu, ko ta aron turmi. Tambayar tsoro ma ta sami amsa: uwar tana tsoron a ce ba ta da kunya, tana kuma tsoron ƴarta ta ɗauki kunyar a matsayin ƙiyayya, kuma duk abin da ta yi don kauce wa ɗaya yana kusanta ta da ɗayan.

Babi shidan nan ta sake su daga tushe, abin da ya ci mata wata biyar. Littafin bai ƙare ba har yanzu, kuma ba ta yanke shawarar ko mahaifiyarta za ta ji abin da ke cikinsa ba.

Kafin ta koma makaranta ta je sallama. Tana shiga zaure ta jiyo hayaniyar mata a tsakar gida, ranar zubin adashi ce. Wata murya ta fi sauran tashi, tana kwaikwayon yadda wata ke roƙon a ɗaga mata zubi, mata suna ta shewa. Ta tsaya a zauren kusan minti biyar da jakarta a hannu, tana saurare. Sannan ta yi sallama. Muryar ta ɗauke.

"Kin zo?" in ji mahaifiyar, tana gyara kuɗin da ke cikin faifai.

"Na zo, Inna. Gobe zan koma."

"To. Allah ya kiyaye hanya." Ta juya wajen autarta. "Ke, ɗauko mata ƙullin nan da ke kan randa, na mutanen gidansu ne."