Masu haki da masu hira

Duk inda ake taruwa motsa jiki bayan sallar asuba, ko a Dandalin Murtala na Kaduna ko a gefen titin da motoci ba su fara cika ba, da kunne kaɗai za ka raba mutanen gida biyu. Akwai masu wucewa da haki, ko sallama ba sa iya amsawa sai dai su ɗaga hannu. Akwai kuma masu tafiya da sauri bibbiyu, suna hirar ƙwallon jiya, magana na fita a ɗan gutsure amma tana fita. Yawancinsu tumbi ne ya fito da su. Masu hakin kuma kan yi wa masu hirar kallon waɗanda ba da gaske suke ba.

Na daɗe ina lura da yadda wasu masu hakin ke komawa bayan 'yan watanni. Mutum ya ɗauki gudu kullum, ya kuma yanke abinci ƙwarai, shayi da safe, ɗan abin taɓawa da dare. Sikeli na sauka, yana murna. Sai dai ba cikin kaɗai ke tafiya ba. Agogo ya fara yawo a hannu, kafaɗar riga ta zubo, cinya ta tsotse, jarkar ruwan da yake ɗauka da hannu ɗaya ta fara gagararsa. A ƙofar masallaci wani ya ce, "Malam, lafiya dai? Ko jinya ka yi?" Tambayar tana sosa mini rai, domin bawan Allah ya yi ƙoƙari na gaske, hanyar ce ba a nuna masa ba.

Idan abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ake ba shi, yakan cike giɓin daga ajiyarsa, kuma ajiyar ba kitse ba ne kaɗai. Ga mai rage abinci ba tare da ɗaga nauyi ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zube kan zama tsoka da ruwa. Jiki kamar manomi yake a shekarar fari: dabbar da ke ci ba ta noma ita ake fara kaiwa kasuwa. Gudu mai nisa ba ya neman ƙarfin damtse ko na baya, saboda haka ba ya hana su tafiya.

Ko ga mai ɗaga ƙarfe ma, yawan gudu na iya cin ƙarfinsa. A 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya raba mutane gida uku na tsawon mako 10: masu ɗaga ƙarfe zalla, masu gudu da tuƙa keke zalla, da masu haɗa duka biyun. Masu haɗawa sun yi ta ƙara ƙarfi kafaɗa da kafaɗa da masu ƙarfe har wajen mako na 7, sannan suka tsaya cak, a ƙarshe ƙarfin ya fara raguwa. Amma a duba nauyin da aka ɗora musu: kwana 6 a mako na gudu da keke mai tsanani, ga kwana 5 na ƙarfe. Mai yiwuwa rashin sararin murmurewa ne ya kayar da su.

Su kuwa masu hira, a irin saurinsu kaso mafi yawa na abin da jiki ke ƙonawa daga kitse yake, shi ya sa injinan gudu ke ware wa wannan mataki suna na musamman. Kada wannan ya ruɗi kowa. Mai haki ya fi ƙona kalori a minti guda, kuma jimillar yini ce ke rage kitse. Lissafin ma ba shi da yawa. Mai kilo 80 idan ya yi gudun kilomita 5 ya ƙona kalori kamar 400. Kilo ɗaya na kitse na ɗauke da kusan 7,700. Robar lemo ta rabin lita da zai kwankwaɗa a hanyar komawa gida ta wuce 200, ta mayar da rabin aikin ke nan. Ledar da wasu ke naɗawa a ciki ruwa kawai take matsowa, yana dawowa da kofi biyu.

Amfanin matsakaicin sauri a wani wuri yake: gobe ma za ka iya. Gwiwa ba ta koka, yunwa ba ta haukace ba, kuma akwai sauran ƙarfin da za a kai wa ƙarfe. Masu agogon auna bugun zuciya kan cire shekarunsu daga 220, su nemi kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da ya rage. Ga ɗan shekara 40, bugu 108 zuwa 126 ke nan a minti. Ƙiyasi ne, yakan kauce da bugu goma ko fiye. Na fi yarda da ma'aunin baki: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai.

Haki ma na da ranarsa. Sau ɗaya ko biyu a mako, gudu na 'yan daƙiƙoƙi da hutu a tsakani, yana ƙarfafa zuciya cikin ɗan lokaci. Mai hawan jini ko mai nauyi sosai ya fara ganin likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Wannan na ƙarshen ne kowa ke tsallakewa, alhali a lungu ɗaya da wurin gudun sau da yawa akwai samari da sandar ƙarfe da aka zuba wa siminti a gwangwani biyu. Tsuguno da tashi da nauyi a kafaɗa, jan jiki sama a kan sanda, tura ƙasa da hannuwa, sun isa. Sai furotin, kamar giram 1.6 ga kowane kilo na jiki. Mai kilo 80 na bukatar kusan 130 a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka dole wake da awara da kifi da nono su shigo kowane cin abinci.

Rage rabin kilo a mako ya wadatar. A riƙa auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya, a kuma rubuta nauyin da ake ɗagawa. Idan ƙugu na raguwa nauyin da ake ɗagawa bai ragu ba, kitse ne ke tafiya. Idan nauyin ya fara gagara mako biyu a jere, a rage kwanakin gudu, a ƙara abinci da barci.