Gwangwanin Kakana

A hutun da ya wuce ina share ɗakin kakana a Kakuri, sai na ci karo da wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Saura kaɗan in haɗa shi da shara. Da na buɗe, sai ga tsofaffin takardun kuɗi an ɗaure da zare.

Na ce, "Kaka, waɗannan ai ko ƙuli-ƙuli ba za su saya ba."

Ya yi dariya, ya zaro 'yan naira ashirin guda biyu ya shimfiɗa a tabarma. Duk hoton Janar Murtala Muhammed ne a kansu, amma launinsu ya bambanta. Ya ce a 1977 aka fara fitar da ita, kuma ita ce takardar naira ta farko da ta ɗauki hoton wani ɗan Nijeriya. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta canza launin kuɗi, ta ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. A lokacin kaka yana aiki a masaƙa. Ya ɓoye guda ɗaya saboda hidimar sunan babana, ya manta inda ya sa, bai gan ta ba sai da wa'adi ya wuce. Rago ya gagara, sai ɗan'uwansa ne ya rufa masa asiri. Nan na tuna wahalar canjin kuɗi da muka sha a 2023.

Sai ya nuna mini rubutun ajami, ya ce in karanta. Na kasa. Shi da bai yi boko ba ya karanta mini: naira ashirin. A 2007 aka cire ajamin daga ƙananan kuɗi, aka mai da naira ashirin ta leda, aka sa hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta.

Yanzu gwangwanin yana hannuna. Na jera takardun a tsohon littafin darasi, ina rubuta shekarar kowace da labarin da kaka ya ba ni.

'Yan'uwa ɗalibai, ku duba akwatunan tsofaffinku, amma da izininsu, kuma ku tambaye su tun suna raye. Wanda ya samu 'yar sule biyar ta takarda, don Allah ya kawo ƙungiyarmu ranar Juma'a mu gani. Ita nake nema har yanzu.