Aljihun da ake neman dabino

Bara, bayan ɓarayi sun kore shanun maƙwabcinmu a Tagriss, wani abokina ya ce mini: "Malam, nemi ƴar ƙaramar bindiga mara nauyi, wadda za ta ɓace cikin aljihun riga." Na kwana biyu ina juya maganar, har na tambayi kuɗinta.

Riƙe ta ba takardar izini laifi ne, kuma tun 1994 Nijar ke da hukumar tattara haramtattun makamai. Amma gaskiya ba tsoron jandarma ya tsayar da ni ba. Autana ne. Kullum na dawo daga lakwal, sai ya zura hannu aljihuna neman dabino. A wannan aljihun dai aka ce in sa ta.

Kuɗin, sarƙa da kwaɗo na saya wa ƙofar gida.