Ramar Auta

A gidanmu, can wani ƙauye da ke kusa da Funtuwa, ba a barin yaro ya kwance bakin buhun takin zamani. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi da kansa yake kwancewa, sa'an nan ya miƙa wa kowannenmu murfin kwalbar lemo guda da ɗan guntun sanda mai tsini. Umarninsa bai taɓa sauyawa ba tun ina ƙarami har na bar gida: a huda rami nesa da gindin masara kamar tsawon yatsa, a zuba cikin murfi ɗaya na kamfa, a rufe da ƙasa, a wuce gaba. Duk wanda ya kuskura ya zuba a jikin kara, to, ranar sai kunnensa ya gaya masa. Yakan ce taki wuta ne, daga nesa ake jin ɗuminsa. Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san cewa abin da zan ba da labarinsa ban aikata shi cikin jahilci ba.

A shekarar 2021 ina zaune a Ibadan ina koyarwa a wata makaranta, na kama hayar ciki da falo a wani gidan haya da ke kusa da Sabo, unguwar Hausawa. A farkon damina sai Inna ta turo mini autanmu, wanda a lokacin yake da shekara goma sha tara, ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu bai samu yadda ake so ba, ya kuma fara zaman bakin titi da wasu samari da ba ta yarda da su ba. Da ta kira ni a waya ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Ga amana nan na turo maka. Ubansa ba ya nan, kai ne ubansa." Na ce to. Shekara goma sha huɗu ce tsakanina da Auta, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan tazara take nufi. Idan na shigo falo sai ya miƙe ya koma ɗaki. Idan na tambaye shi karatu sai ya ce lafiya lau, idonsa a ƙasa. Wata biyu muna ƙarƙashin rufi ɗaya, amma maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa da aike ba.

Saboda haka ba ƙaramin daɗi na ji ba ranar da ya tsugunna a bakin ƙofa bayan sallar isha'i, da wata 'yar leda a hannunsa, ya ce, "Yaya, don Allah wannan takin na gari da ake jiƙawa a ruwa, yaya ake sa shi?" Na karɓa na duba. Wani gari ne shuɗi mai ƙyalli kamar gishiri, irin wanda masu sayar da kayan noma suke ƙullawa kaɗan-kaɗan domin masu lambu da masu furanni. Na tambaye shi me ya shuka. Ya ce rama ce, kwaɗon Inna yake marmari.

Malami ba ya ƙin ɗalibi, balle wanda ya daɗe yana jira. Na sa shi ya zauna, na buɗe masa karatu. Na gaya masa cewa lambobi ukun nan da ake bugawa a jikin buhu, kamar 15-15-15 na kamfa, kason sinadarai uku ne cikin ɗari: na farko naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, na biyu fosfaras mai taimakon saiwa da fure, na uku fotasiyam mai ƙarfafa jikin shuka. Na ce masa yuriya ita kaɗai tana ɗauke da kashi 46 na naitirojin, shi ya sa take saurin ƙona amfanin gona. Na bayyana masa cewa takin zamani galibinsa gishiri ne a haƙiƙa, kuma saiwa tana shan ruwa ne muddin ruwan da ke cikin ƙasa bai kai na cikinta gishiri ba. Da zarar ƙasa ta fi ta gishiri, sai al'amarin ya juye, ƙasa ta riƙa tsotse ruwan saiwar, kamar yadda ɗanyen nama yake tsattsafo da ruwa idan an barbaɗa masa gishiri. Shuka sai ta mutu da ƙishirwa alhali tana tsaye cikin laima. A gona ruwan sama yakan wanke kuskuren manomi ya tafi da shi ƙasa, amma abin da aka shuka a bokiti ba shi da wannan gata, duk abin da aka zuba yana nan tare da shi. Na ƙare da maganar mahaifinmu ta wuta da ɗumi. Auta ya yi ta gyaɗa kai, har ya yi murmushi da na kwaikwayi muryar tsohon.

Abin da ban yi ba shi ne tambaya. Ban tambayi dalilin da zai sa a yi wa rama hidima haka ba, ramar da ake yafawa a gefen gona a manta da ita sai ranar tsinka, ramar da ake samu a hannun 'yan uwanmu masu kayan miya da kuɗi kaɗan. Ban tambayi inda bokitin yake ba, tunda ban gan shi a tsakar gida ba inda rana take. Na sami abin da nake so, watau ƙanena ya zauna a gabana yana saurare, ban so in ɓata shi da bincike ba.

Bayan kamar kwana goma sai ya sake zuwa, wannan karon fuskarsa a damuwa. Ya ce ramar tana ƙonewa, in zo in gani. Wannan ne karo na farko da na shiga ɗakin tun zuwansa. A kusurwa, bayan wani zanen gado da ya rataya a igiya, ga bokitin fenti da ya cika da baƙar ƙasa, ga ƙwan fitila yana rataye a kansa an jona shi da batiri saboda wutar lantarki ba ta zama. Shukar ba ta fi kamu ɗaya da rabi ba. Bakin ganyayenta ya yi ja kamar an hasa musu ashana, sun lanƙwashe ƙasa, kuma a saman ƙasar ga wani farin ɓawo ya fito. Da ganin haka na san yaro ya yi abin da kowane sabon shiga yake yi, ya ɗauka idan kaɗan ya yi amfani, da yawa zai fi. Amma idona bai daɗe a kan ƙunar ba, ya koma kan siffar ganyen.

Dole in yi wa Auta adalci a nan, ƙaryar tasa ba ta rasa basira ba. Akwai irin rama mai tsagaggen ganye kamar yatsun hannu, wadda kamarta da wiwi ta kai har masanin tsirrai Linnaeus, a ƙarni na 18, ya laƙaba mata suna Hibiscus cannabinus, watau dai mai kama da wiwi. Baƙo zai iya ruɗewa. Amma wanda ya tashi yana tsinkar rama yana kuma saɓe bawonta domin igiya ba zai ruɗe ba. Yatsun ganyen rama a haɗe suke daga tushe kamar tafin hannu, jikin karanta yana da 'yan ƙayoyi masu kartar fata, kuma ganyen yana da ɗan tsami a baki. Wannan kuwa kowane yatsa zaman kansa yake, siriri, gefensa kamar haƙoran zarto. Na murza guda tsakanin yatsuna na kai hanci. Warin da nake ji a bayan tashar mota da daddare, shi ne.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsugunne ba, amma na san abin da ya ratsa zuciyata. Na tuna da hotunan bidiyo da nake jiyo sautinsu daga wayarsa cikin dare, Turawa suna magana da fara'a a kan fitilu da tukwane. Su a wajensu wannan ba laifi ba ne a wurare da dama: Yurugwai ta halatta tun 2013, Kanada kuma a 2018 ta yarda a shuka har gindi huɗu a gida a galibin lardunanta. Wayar ba ta gaya wa yaro cewa shi a Ibadan yake ba. A nan, dokar soja ta 1966 a kan tabar wiwi ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka ta, kuma tun da aka kafa hukumar NDLEA a 1989 jami'anta suke shiga dazuzzukan Ondo da Edo da Osun suna ƙone gonaki. Na san binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6, na kuma san cewa yawan masu yi bai taɓa ceton talakan da aka kama ba. Gidan haya ne, ɗakuna goma sha biyu, mu kaɗai ne Hausawa a ciki. Idan hancin maƙwabci ɗaya ya kai wurin, ba za a ce Auta ba, za a ce malamin nan Bahaushe. Na tuna aikina. Na tuna muryar Inna. Ina jin kunyar faɗa, amma aikina na fara tunawa.

Maganin ƙunar taki a bokiti ba ɓoyayye ba ne, kowane mai lambu ya san shi, kuma shukar ba ta kai ga mutuwa ba tukuna. Haka nan maganar da ta kamata in yi wa ƙanena ba ɓoyayya ba ce. Sai in zauna a bakin katifa in ce, Auta, na san ko mece ce wannan, gaya mini yaushe ka fara, sha kake yi ko sayarwa ka yi niyya, wa ya ba ka irin. Amma yin haka yana nufin in yaye labulen da ke tsakanin wa da ƙane, in ji amsar da watakila ba zan iya ɗauka ba, sa'an nan in yanke shawarar ko zan gaya wa Inna. Yana tsaye a kaina yana jira, ya ce, "Yaya, me ya same ta?"

Na ce, "Yunwa ce. Takin bai ishe ta ba. Ƙara mata, ka ninka."

Ya ce, "To, Yaya. Na gode."

Kwana uku ta yi. A rana ta huɗu da asuba na ji shi yana fita da bokitin, ya juye a bola, ya wanke shi tas ya kife a bayan ɗaki. Na yi ajiyar zuciya, na gaya wa kaina cewa na kashe maciji ban karya sanda ba. Babu faɗa, babu tonon asiri, babu hawayen tsohuwa. Har na fara ganin kaina mai hikima.

Da daddare ina gyaran takardun ɗalibai sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Bai tsugunna ba. Ya ce, "Yaya, na duba a waya. An ce yawan taki ne ya kashe ta." Ban ɗago ba. Ya ce, "Kai ka ce mini taki wuta ne. Ka sani, ko?" Na ajiye biro na ce, "Kai ma ka san ba rama ba ce." Muka dubi juna, abin da ba mu taɓa yi ba tun yana yaro ina goya shi zuwa gona. Na ga yana jira. Yanzu da nake rubutu na tabbata jira yake in ci gaba, in yi faɗa, in yi tambaya, in ma mare shi idan ta kama, domin yaron da ya kira wansa ya zo ya duba irin wannan shuka, alhali ya san wan nan ɗan manomi ne, ai ba ɓoyewa yake son yi ba har zuciyarsa. Ni kuwa sai na ɗauki birona. Ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya ce, "Sai da safe," ya ja labule.

Ya ƙara wata biyar a wurina. Bai sake shuka kome ba, bai kuma sake tambayata kome ba, ko da hanyar zuwa kasuwar Bodija ce sai ya tambayi maƙwabta. Da aka yi jarrabawa ya ce gida zai koma, ban hana shi ba. Inna ta yi mini godiya a waya, ta ce yaro ya natsu, Allah ya yi mini albarka. Na amsa da amin.

Yanzu shi yake noma gonar mahaifinmu. A daminar 2024 na je gida, na tarar ana sa wa masara taki karo na biyu. Na tsaya a kan kunya ina kallo, yana kwance bakin buhun yuriya da kansa, yana raba wa 'ya'yan yayyenmu murafun kwalba, yana nuna musu tsawon yatsa. Na lura ƙasar ta bushe, ga rana ta take, kuma yuriya idan ba laima sai ta bi iska a yi asara. Na ce, "Auta, da ka bari an yi ruwa tukuna." Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "To, Yaya." Sa'an nan ya ciro wayarsa, ya matsa gefe, na ji yana tambayar mai shagon taki na Funtuwa ko gaskiya ne. Da aka tabbatar masa sai ya ɗaure bakin buhun, ya ce wa yaran su tafi gida.

Da yamma Inna ta aiko mana da kwaɗon rama a kwano ɗaya, ya sha ƙuliƙuli da albasa. Ta ce ta tuna Auta ya taɓa gaya mata cewa a Ibadan har shuka ta ya yi don marmari, amma ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko ƙasar can ce ba ta karɓar rama. Auta yana tsakurar kwaɗon, bai ɗago ba. Na ce mata taki ne ya yi mata yawa.